Ɗakin Gaggawa, Gadarif

Ƙarfe biyu saura na dare suka kawo ka,
Kawu Siddiƙ, a kwance cikin raksha,
ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu,
ƙwayoyin riɗi manne da gumin wuyanka.
Ban tambayi sunanka ba.
Zuwa na huɗu ke nan tun ɗaukewar damina.

Na soki yatsa. Na'ura ta ƙifta ido,
ta rasa lambar da za ta faɗa.
Na nemi jijiya a hannun da ya sha dakon buhu,
ta ɓuya, na lallaɓa ta
kamar mai kamun fara da sanyin asuba.
Na rataya ruwa. Ɗis. Ɗis.
Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari biyu, ya kama.

Ɗanka Muzammil na safa da marwa a baranda:
"Ku yi masa irin ta wancan karon,
allurar nan da ta tashe shi."
Tana nan, yaro, za mu yi.
Amma mu gobara muke kashewa,
murhun kuwa a gidanku yake.

Awa shida nake da kai, Kawu.
Wata ukun da ke tsakani naka ne,
kai da safiyarka, kai da akushinka,
kai da Batul mai shayin ƙofar kasuwa
da ta haddace ma'auninka: cokali huɗu, a cika.
Ban ga laifinta ba. Abin da ka ce take zubawa.

A aljihun jallabiyarka na tsinci katin da na ba ka,
na ganin likitan suga ran Talata.
Talata goma sha ɗaya sun wuce ta kansa.
A bayansa ka yi lissafi da biro:
buhu arba'in da bakwai,
bashin Hajji Taha, kuɗin mota, kuɗin makarantar auta.
Kowa ya samu layi.
Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga naka ba.

Na sani, ba sai ka faɗa ba.
Maganin ya yi tsada, wani watan ma babu shi a gari,
ga shi ba ya son zafi, ga gida ba firji.
Wannan nauyin ba kai ka ɗora wa kanka ba.
Amma gindin randa ma da sanyinsa,
na nuna wa Inna Zahara yadda ake naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma.
Cokali huɗun nan kuma, ba gwamnati ke ƙirga su ba.

Gadon da kake kai, ɗazu yaro ne a kansa,
tarakta ta bi ta cinyarsa ba sallama.
Kai naka ciwon ya yi sallama,
ya zauna a zaure shekara tara
yana jira ka fito ku gaisa.

Da na zo wanke ƙafar da ba takalmi
na ga ƙaya a tafin, ta shige har gindi,
wurin ya fara baƙi.
Kwana nawa kana tafe a kanta?
Ba ka ji ba. Abin da ya tsorata ni ke nan.
Wannan ba a ɗinke shi da dare ɗaya.

Kiran assalatu ka buɗe ido,
ka ce, "'Yata, ko da ɗan shayi?"
Na buɗe baki zan yi faɗa
sai na tuna ƙwayar hawan jinina
tana ƙasan jaka tun shekaranjiya,
tsakanin makulli da bawon gyaɗa.

Na ɗebo ruwa kofi biyu.
Na haɗiye tawa a gabanka, kana kallo.
Sannan na juya katin,
ƙarƙashin bashin Hajji Taha
na rubuta: Siddiƙ, Talata, ƙarfe takwas.

Muzammil ya fita neman ɗaya takalmin.